Bairos ɗin da furotin ɗinsa bai kai goma ba, ta yaya yake juya tantanin mutum?

Wata ɗalibar aikin jinya daga Gusau ta aiko da wannan tambaya: "Malam, mun fita aikin rigakafin sankarar bakin mahaifa a ƙauyukan wajen Bungudu, sai wani dattijo ya tare ni ya ce, in da gaske ƙwayar cuta ce ke kawo sankara, ke nan canza halittar mutum take yi? Na ce masa a'a. Da ya ce to in yi masa bayani, sai na rasa ta cewa. Mene ne ainihin abin da bairos ke yi idan ya shiga tantanin jiki?"

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Dattijon nan tambayar masana ya yi, kuma "a'a" ɗin da kika ce masa ta fi kusa da gaskiya fiye da "e". A mafi yawan lokuta bairos ba ya taɓa rubutun gadon mutum. Abin da yake ƙwacewa shi ne ikon yanke hukunci a kan wace ƙwayar gado za ta yi aiki, wace kuma za ta yi shiru. Furotin ɗin da yake ƙerawa su ne hannuwansa a wannan aiki. Akwai wuraren da rubutun kansa yake taɓuwa, zan zo kansu, amma sai an fara fahimtar wannan tukun.

Kusan kowane tantani a jikinki yana ɗauke da DNA iri ɗaya: kromozom 46, da ƙwayoyin gado masu ba da umarnin ƙera furotin kimanin 20,000. Tantanin hanta da na ido da na fatar bakin mahaifa duk rubutu ɗaya suke riƙe da shi. Abin da ya bambanta su shi ne wanda kowanne ya buɗe da wanda ya rufe. Idan kin taɓa zuwa gonakin rani na Bakolori a Talata Mafara, kin ga abin da nake nufi: ruwa ɗaya ne a madatsa, magudanai kuma an riga an haƙa su, amma gonar da za ta sha yau da wadda za ta jira, mai riƙe da ƙofofin ruwa ne ke yankewa. Bairos ba ya haƙa sabuwar magudana. Ƙofofin yake nema.

Ƙofofin kuwa hawa-hawa ne. DNA a cibiyar tantani naɗe yake a jikin wasu furotin da ake kira histon. Inda naɗin ya matse, ba a iya karanta abin da ke wurin. Inda ya saki, wasu furotin masu ba da izini sukan zauna a goshin ƙwayar gadon su kira enzayim ɗin da ke kwafa, wato RNA folimares na biyu, ya fitar da saƙon RNA. Saƙon sai an gyara masa kai da wutsiya kafin ya fita daga cibiya zuwa ribozom, inda ake ƙera furotin. Bayan an ƙera ma, akwai tsarin da ke liƙa wa furotin wata 'yar alama mai suna yubikwitin, duk wanda aka liƙa wa ita sai a kai shi a niƙe. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan, akwai bairos ɗin da ya san yadda ake shiga ta nan.

Mu dakata a kan HPV, bairos ɗin da ke kawo sankarar bakin mahaifa, tunda shi ya kai ki Bungudu. DNA ɗinsa haruffa kusan 8,000 ne kacal, na mutum kuwa ya haura biliyan 3. Furotin ɗin da yake ƙerawa kamar takwas ne. Ba shi da enzayim ɗin kwafar DNA na kansa, dole ya ari na tantani. Matsalarsa ita ce yana yaɗuwa ne a cikin tantanin saman fatar bakin mahaifa, waɗanda sun riga sun girma sun daina rabuwa, sun ajiye kayan kwafar DNA gefe. To yaya zai yi? Sai ya tilasta musu su sake ɗauko kayan.

Aikin furotin ɗinsa mai suna E7 ke nan. A cikin tantani akwai wani furotin, Rb, wanda ke riƙe da wani mai ba da izini da ake kira E2F. Muddin Rb na riƙe da shi, ƙwayoyin gadon da ke sa tantani ya kwafi DNA ɗinsa a rufe suke. E7 sai ya kama Rb ya sa a lalata shi. E2F ya kuɓuta, ƙwayoyin gadon kwafa suka buɗe, tantanin da ya kamata a ce ya yi ritaya ya koma bakin aiki, bairos kuma ya samu abin da yake nema.

Amma tantani ba wawa ba ne. Idan aka ingiza shi ya rabu ba bisa ƙa'ida ba, yakan tara wani furotin, p53, wanda shi ma mai ba da izini ne, kuma ƙwayoyin gadon da yake buɗewa na tsayar da rabuwa ne, ko gyaran DNA, ko in abin ya fi ƙarfin gyara, na sa tantanin ya kashe kansa don sauran jiki ya tsira. Da E7 kaɗai bairos ke da shi, da p53 ya gama da shi tun a nan. Shi ya sa yake da E6. Shi E6 ba ya faɗa da p53 gaba da gaba. Yakan jawo wani enzayim na tantanin kansa, E6AP, mai liƙa alamar yubikwitin, ya haɗa shi da p53, sai tantanin ya niƙe mai tsaronsa da hannunsa. Ki lura da kyau: ƙwayar gadon p53 tana nan lafiyarta lau, ba harafi ɗaya da ya canza, ana ta ƙera furotin ɗin, ana ta niƙe shi. A kusan rabin dukan cututtukan daji na ɗan Adam rubutun p53 ne ke lalacewa, amma a sankarar bakin mahaifa galibi za ki same shi daidai, don bairos ya riga ya cim ma buƙata ta wata hanya. E6 yana kuma buɗe ƙwayar gadon telomares, enzayim ɗin da ke hana tantani tsufa, wanda a yawancin tantanin baligi a rufe yake.

Wani abin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani: ta dalilin bairos aka gano p53 ɗin kansa. A 1979 David Lane da Lionel Crawford a Landan, da Arnold Levine da Daniel Linzer a Amurka, suna binciken wani bairos na birai, SV40, sai suka ga babban furotin ɗinsa kullum manne yake da wani furotin na tantani da ba wanda ya sani. Shi ne p53. A 1988 aka ga furotin E1A na wani bairos, adenobairos, yana kama Rb, a 1989 aka ga E7 na HPV ma haka, a 1990 kuma aka ga E6 da p53. Bairos uku daga dangi daban-daban, kowanne da furotin ɗinsa, duk sun nufi wurare biyun nan. A ganina wannan ya fi duk wani zane na littafi nuna inda ƙarfin tantani yake. Wanda ke son sanin ƙofar da ta fi muhimmanci, ya duba wadda ɓarayi ke yawan nema.

To idan haka ne, me ya sa ba kowace mace mai HPV ke kamuwa da sankara ba? Nan ne mutane da yawa ke ɓata, har da wasu ma'aikatan lafiya. Sankara ba ita ce manufar bairos ba, ba ya ma cin ribarta. A yanayinsa na yau da kullum DNA ɗinsa zobe ne da ke zaune a gefe, bai shiga cikin kromozom ba, kuma yana da wani furotin, E2, da ke rage yawan E6 da E7 don kada su wuce gona da iri. Kimanin kashi 90 cikin 100 na masu ɗauke da shi, garkuwar jiki kan share shi cikin shekara biyu ba tare da sun ma sani ba. Sai in ya daɗe shekara da shekaru ne wani lokaci zoben kan tsinke ya liƙu a cikin kromozom ɗin tantanin, kuma sau da yawa a daidai kan E2 yake tsinkewa. E2 ya tafi, E6 da E7 suka samu sake. Tantanin ya ci gaba da rabuwa ba mai duba kurakuransa, kurakuran suka taru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a mace mai lafiyayyar garkuwa abin kan ɗauki shekara 15 zuwa 20, a mai raunin garkuwa kuma, kamar mai ƙanjamau da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10. Tantanin da bairos ya liƙu a cikinsa haka ba ya ƙara fitar da sabon bairos. Shi ma ya shiga rami ne. Kuma ba kowane HPV ke da wannan ƙarfi ba: nau'i na 16 da na 18 su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa, su ne Harald zur Hausen na Jamus da abokan aikinsa suka zaƙulo a farkon shekarun 1980, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2008. Nau'i na 6 da na 11 kuwa E7 ɗinsu ba ya kama Rb da ƙarfi, iyakarsu tsiro a fata.

Akwai gwajin da nake son ambata wa ɗalibai. Tantanin HeLa, wanda aka ɗauka daga sankarar wata Ba'amurkiya, Henrietta Lacks, a 1951, yana ɗauke da guntun HPV 18 a kromozom na 8, kuma yana ta rabuwa a ɗakunan bincike har yau. Da masu bincike suka mayar masa da E2, wato suka rufe E6 da E7, sai p53 da Rb suka dawo, tantanin ya daina rabuwa ya tsufa. Bayan kusan rabin ƙarni yana sankara, kayan tsaronsa na nan, danne su kawai aka yi. A ɗakin gwajin nama kuma, idan kika ji likita ya ce a yi wa samfur rinin p16, sawun wannan danniya yake nema: tantanin da E7 ya raba da Rb yakan tara furotin p16 da yawa yana ƙoƙarin tsayawa, ba tare da ya iya ba.

Ciwon hanta nau'in B ya fi kusa da mu a nan Zamfara da Kebbi, kuma labarinsa ya ɗan bambanta. Bairos ɗinsa ya fi HPV ƙanƙanta, haruffa kusan 3,200. Idan ya shiga tantanin hanta, DNA ɗinsa kan zama rufaffen zobe a cibiya, ya naɗe a histon kamar ƙaramin kromozom. Tantani yana da wasu furotin, Smc5/6, da ke gane baƙon zobe irin wannan su hana a karanta shi. Shekaru da dama ana muhawara a kan aikin wani ƙaramin furotin na bairos ɗin, HBx, har aka jingina masa ayyuka barkatai. A 2016 aka nuna babban aikinsa: yana kama wani furotin na tantani, DDB1, wanda ke cikin masu liƙa alamar niƙa, ya juya shi a kan Smc5/6. Dabarar E6 ce sak, sai dai wanda aka niƙe ne daban. Wannan zoben da ke zaune a cibiya shi ne dalilin da ya sa maganin tenofobir ke danne bairos ɗin a jini amma ba ya tumɓuke shi, kuma shi ya sa mara lafiya in ya ga sauƙi ya ajiye magani da kansa, ciwon kan iya tasowa da ƙarfi. Ki riƙa faɗa musu wannan a fili, don da yawa suna ɗauka likita ne ke son su dawwama a sayen magani.

A hanta kuma dattijon naki yana da ɗan gaskiya, don a nan ma rubutu na taɓuwa. Guntayen DNA ɗin bairos kan liƙu a kromozom, sau da yawa kusa da ƙwayar gadon telomares, su buɗe ta. Ga kumburin shekaru da ke sa hanta mutuwa da sake tsirowa. Sannan ga abin da ke cikin rumbunanmu. Gyada ko masarar da aka tara ba ta gama bushewa ba, ta yi fumfuna, tana ɗauke da gubar aflatoksin. Ki fasa ƙwayar gyadar da ta yamutse ta yi ɗaci, wadda ake warewa a ce ta ƙuli-ƙuli ce ko ta yara, irinta ce ta fi ɗaukar gubar, kuma suya ba ta kashe ta. Wannan guba takan canza harafi ɗaya tak a wuri na 249 na ƙwayar gadon p53, canjin da ake yawan gani a sankarar hanta a Afirka ta Yamma da kudancin Sin. Bairos na aiki ta gefe, guba na aiki ta gefe, haɗarin mai duka biyun ya ninka na mai ɗaya nesa ba kusa ba. Abin da ya fi ba ni takaici a nan shi ne jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, kusan kashi 90 cikin 100 zai zauna da bairos ɗin har girma, alhali wanda ya kamu yana baligi da wuya ya kai kashi 5. Allurar rigakafin ciwon hanta da ake yi wa jariri cikin awa 24 na farko ita ce ke hana wannan, mu kuwa haihuwarmu a gida ta fi yawa, kuma mai jego ba ta fita sai an yi suna, wasu sai arba'in.

Bairos ɗin Epstein-Barr wata hanya ya bi: kwaikwayo. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya na ɗauke da shi, a ƙasashenmu tun ana yara ake ɗauka ta yawu. Yana zama a cikin fararen ƙwayoyin jini nau'in B. Waɗannan ba sa yaɗuwa sai sun samu izini daga wasu ƙwayoyin garkuwa ta wata kafa a jikinsu mai suna CD40. Bairos ɗin sai ya ƙera LMP1, wanda ke aika saƙo irin na CD40 dare da rana ba tare da kowa ya ba da izini ba. Wani furotin ɗinsa, EBNA2, ba ya ma iya kama DNA da kansa; yakan hau bayan wani furotin na tantani ya buɗe ƙwayoyin gadon girma, har da MYC. EBNA3A da EBNA3C kuma sukan sa a matse naɗin histon a kan ƙwayoyin gadon da ke tsayar da tantani ko kashe shi. Denis Burkitt, likitan tiyata a Yuganda, shi ya bayyana sankarar muƙamuƙin yara a 1958, daga cikinta Epstein da Barr da Achong suka gano bairos ɗin a 1964, na farko da aka danganta da ciwon daji a ɗan Adam. Najeriya na da hannu a wannan tarihi: tantanin Raji da ake amfani da shi a ɗakunan bincike na duniya, a Ibadan aka samo shi a 1963 daga wani yaro mai wannan cuta. Amma a nan ma bairos shi kaɗai bai isa ba. Sai zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa ya yi ta ingiza ƙwayoyin B, har wata rana guntun kromozom na 8 mai ɗauke da MYC ya koma na 14, kusa da wurin da ke buɗe kullum. Shi ya sa taswirar wannan sankara ta bi taswirar sauro.

Ƙanjamau shi kam shiga cikin kromozom ɗabi'arsa ce, kowane lokaci. Da ya shiga ya zama kamar ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon tantanin. Enzayim ɗin kwafa yakan fara karanta shi, ya yi haruffa kaɗan ya cije. Furotin ɗin bairos mai suna Tat sai ya kama ɗan guntun RNA ɗin da ya fito, ya jawo wani enzayim na tantani, P-TEFb, ya tura mai kwafar gaba, aikin ya ninka sau da yawa. Idan kuwa tantanin ya kwanta hutu kafin Tat ya taru, bairos ɗin kan yi lamo, magani bai gan shi ba, garkuwa ba ta gan shi ba, har shekaru. Dalilin shan magani har abada ke nan.

Sauran, masu shigowa su fita cikin kwanaki, ba ruwansu da wannan doguwar siyasa. Bairos ɗin shan inna yana da enzayim da ke datse eIF4G, furotin ɗin da ke kai saƙonnin tantani ga ribozom, nasa saƙon kuma yana da wata hanyar shiga, cikin 'yan awoyi sai nasa kaɗai ake ƙerawa. Na mura yakan yanke kan saƙon tantani ya ɗora wa nasa, NS1 ɗinsa kuma ya hana a gama gyaran wutsiyar saƙonni. Nsp1 na korona toshe mashigar ribozom yake yi. Na zazzaɓin Lassa yana da furotin da ke cinye RNA mai igiya biyu, alamar da tantani ke gane baƙo da ita, don haka ƙwayoyin gadon intaferon, masu yi wa maƙwabta gangami, ba sa buɗewa da wuri.

In kika koma wurin dattijon, ki ce masa: Baba, abin da ke faruwa a cikin tantanin bakin mahaifa ne ko na hanta kawai yake faruwa, ba ya shiga ƙwan mace ko maniyyin namiji, don haka ba a gadar wa 'ya'ya canjin, duk da cewa uwa na iya sa wa jariri bairos ɗin hanta wajen haihuwa. Na san tambayar da ke bayan tambayarsa, ita ce ko allurar ma tana canza wani abu. Allurar HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023 ba ta ɗauke da bairos mai rai, babu E6, babu E7. Furotin ɗin ɓawonsa ne kawai, L1, wanda ake ƙerawa a cikin yis, ya dunƙule ya yi siffar bairos amma cikinsa fanko. Jiki ya gan shi ya tanadi garkuwar da za ta tare na gasken tun a waje, kafin ya kai ga tantani. Saboda haka ne ma allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, tunda a tantanin da E6 da E7 suka riga suka zauna babu abin da garkuwar L1 za ta kama. Matan gidansa da suka kai shekara 30, ko 25 ga mai ɗauke da ƙanjamau, gwaji ne nasu: ko na neman DNA ɗin HPV, ko na shafa ruwan khal a bakin mahaifa a duba inda ya yi fari, a ƙone wurin ko a daskarar da shi tun bai zama sankara ba.